Ɗakin Jaye a Gidan Rumji

Gangara, 3 ga Satumba

Zuwa ga Gogo Baturiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan kina lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya ƙafar nan ta hagu? Inna ta ce in tambaye ki ko kina shafa man da ta aiko miki. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya yi mana kirki bana, gero ya fitar da kai, wake ya soma fure. Na san kunnenki ba ya shiri da waya, shi ya sa na ba Ado direba wannan takarda.

Gogo, alfarma nake nema. Ina da aboki a nan, sunansa Jaye, Bafulatani ne daga rugar da ke gabas da Gangara. Na san shi shekara shida ke nan, tun ranar da ya riƙo hannun ɗiyarsa Hamdiya ya kawo ta lakol, makarantar da nake koyarwa, lokacin babu ɗan ruga ko ɗaya a ajina. Ya koyi yi wa dabbobi allura, bana aka ɗauke shi aiki aka tura shi Gidan Rumji. Wata guda ke nan yana can, bai samu ɗaki ba.

Gida huɗu ya shiga. A na farko har an buɗe masa ɗaki ya duba, da mai gidan ya ji harshensa sai ya ce ai ya manta, ɗan ƙanensa na tafe daga Maradi. A na biyu aka ce masa a fili, "Ba mu ba mutanen daji haya." Na uku da na huɗu ko zaure bai wuce ba. Yanzu a rumfar wani mai sayar da dusa yake kwana, a bakin kasuwar dabbobi. Matarsa Dije tana nan ruga. Hamdiya ta ci jarrabawa, ta samu shiga kwalej, amma sai ubanta ya samu wurin da zai ajiye su. Idan aka buɗe lakol babu ɗaki, ya ce zai ajiye aikin ya dawo.

Ado ya gaya mini ɗakinki na ƙofar gida, mai kallon hanya, babu kowa a ciki tun da telan nan ya tashi. Na san zumuncinmu na nesa ne, kakata da mahaifiyarki ɗiyan wa da ƙane ne, kuma rabona da gidanki shekara uku. Duk da haka ban da wanda zan roƙa a garin nan sai ke. Ni na tsaya wa Jaye. Ba ya shan komi, ba ya faɗa, sai dai ya cika shiru.

Ɗanki,
Hambali


Gidan Rumji, 9 ga Satumba

Zuwa ga ɗana Mushe Hambali, malamin lakol,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na karanta da kaina, sau biyu. Ka ga amfanin makarantar manya da kuka riƙa yi mini dariya. Ƙafa da sauƙi, ka gaya wa Innarka man ya yi, Allah ya saka. Mu ma ruwa ya yi mana yawa, har ya yi mini ɓarna cikin gida. Gyaɗa ta yi tsada, mai da ƙuli-ƙuli sai dai mu ce alhamdu lillahi.

Maganar abokinka na ji. Ɗakin ƙofar gida ba zan ba shi ba. Mutum irinshi, da mace da ɗiya budurwa, ba ya zama bakin hanya, da irin maganar da ke yawo cikin garin nan. Kai kana can nesa, ba ka jin abin da ake faɗi ƙofar masallaci tun da mutanen ƙetaren iyaka suka fara gudowa. Alhaji Tala, maƙwabcina mai gidajen haya shida, ya bi masu gidaje ɗaya bayan ɗaya, ya ce a haɗa baki kada a ba baƙi ɗaki. Ni ma ya zo mini.

Ka ce ma abokinka shi yi haƙuri sai ruwa ya ɗauke. Ni na san abin da nike yi.

Ado shina jira, mota ta cika. Ka gaida Innarka da Hamisu yayanka in ka je Gazawa.

Gogonka,
Baturiya


Gangara, 13 ga Satumba

Zuwa ga Gogo Baturiya,

Assalamu alaikum. Na yi murna da ƙafa ta yi sauƙi. Mu ma lafiya. An fara yankan gero a gonakin tudu.

Gogo, na karanta amsarki a tsaye a tasha, na zauna na sake karantawa. Gida naki ne, ba ni da ikon cewa komi. Amma tun ina yaro ake ce mini a dangin Inna ke ce ba ki tsoron bakin mutane, shi ya sa abin ya yi mini nauyi. "Mutum irinshi" kika rubuta. Wane iri ne shi? Mutumin da ya yi shekara shida yana tafiyar ƙasa da ɗiyarsa zuwa lakol ranar ruwa da ranar rana. Masu bindigar da ake tsoro, su suka kore wa kawunsa shanu, kuma yanzu laifinsu aka ɗora masa.

Ki gafarce ni in na wuce gona da iri. Inna ta sha ba mu labarin kakanku, da ya taso daga wajen Jibiya da jaki ɗaya da mata biyu, bai san kowa ba a Tibiri, wani tsoho ya buɗe masa zaure. Da tsohon nan ya ce sai ruwa ya ɗauke, ban san inda za a haife ki ba.

Na kira Jaye na gaya masa ba a dace ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya saka mata, ai ta amsa takarda." Ya ce zai ƙarasa watan nan, sannan ya kai musu takardar barin aiki. Hamdiya ban iya gaya mata ba tukuna. Jiya ta zo ta nuna mini jakar da uwarta ta ɗinka mata da buhun shinkafa.

Ba zan sake damun ki da maganar ba.

Hambali


Gidan Rumji, 27 ga Satumba

Zuwa ga Hambali mai saurin fushi,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai dai hawan jinin da takardarka ta so ta sa mini. Motar Ado ta lalace Cadawa, takardar ta yi kwana goma sha biyu cikin aljihun gaban mota. Shekaranjiya ta iso. Wannan kuwa Jaye ne zai ba ka hannu da hannu, don ya zo kwasar iyalinshi. Na hana shi gaya maka komi a waya. Na ce a bar ka ka ji daga bakin wadda ka zaga da kakanta.

Kai ne mushen lakol, amma ba ka iya karatu ba. Na ce ɗakin ƙofar gida ba zan ba shi ba. Na ce maka ba ni da wani ɗaki? Ɗakuna biyu na cikin gida, na kusa da rijiya, su ruwa ya karya wa azara, su nike gyarawa. Magini ya ce ba ya taɓa rufi sai ruwa ya ɗauke. Ɗakin ƙofa bakinshi na kan hanya. Duk ɗan iskan da ya wuce sai shi yar da magana, in akuya ta ɓace unguwar nan ƙofar za a fara nunawa. Cikin gida kuwa, mai son ganin Jaye sai ya bi ta gaban turmina.

To amma ba zan yi maka ƙarya ba, akwai inda ka karanta daidai. Ranar da takardarka ta fari ta zo, na ji tsoro. Ni mace ce ba miji, ɗiyana duk suna Yamai, in unguwa ta juya mini baya wa ke gare ni? Kwana uku ina juya maganar. Ranar kasuwa na ɗauki sandata na tafi kasuwar dabbobi, na zauna gindin wata itaciyar bedi kamar mai jiran wani. Na ga Jayen naka bakin aikinshi. Wata tsohuwa ta jawo akuya mai gudawa, mutane sun fi goma gabanta da shanu. Ya ce ma masu shanu su dakata, tsohuwa ba ta iya tsayuwa. Ya duba akuya, ya ba ta magani, ya ɗaure mata igiyar da ta kwance. Daga can gidan magini na wuce. Da na rubuta maka duk wannan, amma Ado shina ta yi mini oda bakin ƙofa.

Da na gama karanta fushinka, ko mayafi ban gyara ba na nufi rumfar mai dusa. Na iske shi ya ɗaure tabarma da buta, takardar barin aiki na cikin aljihu, wai ba ya jiran ƙarshen wata, da safe zai kai buro, ofishinsu.

Na ce, "Kai ne Jaye?"

Ya ce, "Ni ne, Inna."

Na ce, "Ni ce Baturiya, wadda ta hana ka ɗaki. Ɗauko kayanka."

Ya tsaya shina kallona. Ya ce, "Inna, kada in jawo miki magana."

Na ce, "Magana ta riga ka zuwa gidana. Taho."

Da ya ga ɗakunan, sabon yaɓe bai gama bushewa ba, ya dafa bango. Sannan ya tambaye ni ko akwai inda Dije za ta ɗaure tunkiya guda. Na nuna mishi bayan rumbu.

Maganar kakana kuwa, jaki biyu ne, ba ɗaya ba. Ka gyara wa Innarka.

Gogonka,
Baturiya


Gangara, 30 ga Satumba

Zuwa ga Gogo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ni dai lafiya, sai kunya.

Jaye ya miƙo mini takardarki a ƙofar aji, ya koma gefe yana dariya ƙasa-ƙasa. Shekara shida ban taɓa ganin haƙoransa haka ba. Gogo, ki yafe mini. Na ga layi ɗaya na yanke hukunci, abin da kullum nake hana yara yi. Kuma na kusa sa mutum ya bar aikinsa saboda gaggawata.

Yau da hantsi suka tashi. Amalanke ya kai su Gazawa, daga can su hau mota. Dije ta ɗauko ƙoren nononta guda bakwai, an yi ta fama da ita ta rage, ta ƙi. Ba ta taɓa zama cikin gari ba, kuma Hausarta ba ta da yawa, ki yi haƙuri da ita. Hamdiya kuwa za ta cika miki kunne, ko da yake na san ba duka za ki ji ba.

Na sa musu tiya biyar ta sabon wake, taki ce. Inna ta ce jaki ɗaya ne, ɗayan aro ne.

Ɗanki,
Hambali


Gidan Rumji, 10 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗana Hambali,

Wa alaikumus salam. Na yafe tun kafin ka roƙa. Wake ya yi daɗi, ba ƙwaro ko ɗaya. Lafiyarmu lau. Hamdiya na zuwa kwalej, da yamma ta zauna ta gyara mini rubutu, wai ba ni sa aya. Dije ta koya mini dama fura irin tasu, ni na koya mata murza ƙuli-ƙuli. Rabin maganarmu da hannu muke yi, ita ba Hausa, ni ba kunne, kuma ba mu taɓa saɓawa ba.

Ga abin da ya faru. Sati biyu da zuwansu, Alhaji Tala ya kai ƙarata wurin mai unguwa, wai na karya abin da aka haɗa baki a kai. Mai unguwa ya tara masu gidajen haya, mu goma sha bakwai, ni kaɗai mace. Na tafi da tabarmata na shimfiɗa gaba, don in ji.

Alhaji ya ce, "Baturiya, in aka yi sata unguwar nan, ke za mu tambaya."

Na ce, "A tambaye ni. Amma bara da aka fasa shagon Mustafa, ba Bafulatani ko ɗaya unguwar nan. Wa aka tambaya?"

Kowa ya san ɗan gidan wa aka kama. Ban faɗi suna ba.

Wani ya ce ai tsoro ba laifi ba ne. Na ce gaskiya ne, ni ma na ji shi. Amma in tsoro ne, a tambayi kowa tambaya iri ɗaya. Liman ya goyi bayana. Aka yi ta ja har la'asar. Daga ƙarshe mai unguwa ya yanke: mai neman ɗaki a tambaye shi sana'arshi, da wanda ya san shi, da yawan iyalinshi. Ba a tambayar ƙabila, ba a tambayar ko daga wane gefen iyaka ya fito, ba a ce ma mace ina mijinki. Wanda aka kora ba dalili shi zo ya faɗa, a kira mai gidan. Mutum tara suka yarda. Sauran suka kaɗe riga suka tafi. Alhaji har yau ba ya amsa gaisuwar Jaye, ko ranar da Jaye ya yi wa shanun Alhajin allura ta bakin yaronshi ya yi magana. Mata biyu sun daina sayen maina. Ɗaya ta dawo, don na kasuwa gauraye ne. Amma cikin wata guda gida uku sun karɓi baƙi, har da wani makaho da matarshi da suka yi rani cikin kangon makaranta.

Yanzu ni ma alfarma nike nema. Akwai wata Maimuna da ke taya ni suyar gyaɗa. Daga ƙetare ta gudo da ɗiya biyu ƙanana, an kashe mijinta a gona. Ba ta da kowa duniya sai wata gwaggonta tsohuwa da ke kwance Gazawa, gidan suruki, inda ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Tana so ta koma kusa da ita ta yi jinya. Sau biyu ta je neman ɗaki, ana ce mata ba a ba mace ba miji.

Na tuna ɗakin ƙanwarka Nazira cikin gidanku na Gazawa, tun da ta yi aure a kulle yake. Ni na tsaya wa Maimuna. Hannunta na da tsabta, bakinta ma haka.

Ka karanta wannan a zaune.

Gogonka,
Baturiya


Gazawa, 14 ga Disamba

Zuwa ga Gogo Baturiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da sanyi, ki riƙa rufe ƙafar nan. A gaida Jaye da Dije, a ce wa Hamdiya ina jiran sakamakonta na farko. Inna lafiya, tana gaishe ki. Daga gida nake rubuto miki.

Kin ji ni shiru wata guda, kuma wannan karon ba laifin motar Ado ba ne. Takardarki ta iso a kan lokaci. Ni ne na riƙe ta. Gogo, da na karanta sunan gidanmu sai na ninke takardar na ajiye. Na fara tunanin me maƙwabta za su ce, bazawara baƙuwa a gidan da ni da Yaya Hamisu muke shiga muna fita. Na yi tunanin surukan Yaya. Har na ce a raina ai gidanmu ba gidan haya ba ne, maganar ba ta shafe mu ba. Sati biyu ina neman dalilin da zan rubuto miki wanda ba zai ba ni kunya ba, ban samu ba.

Ranar Juma'a na zo na sami Yaya bayan an sauko masallaci. Shi ne babba tun rasuwar Baba, ɗaki ba ya buɗuwa sai da yawunsa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ba mu san ta ba, ba mu san abin da ya biyo ta ba. Kai kana Gangara, ni za a bari da surutu." Na ce Gogo ta tsaya mata. Ya ce Gogo tana Gidan Rumji. Muka yi sama-sama, abin da ba mu taɓa yi ba. Ya ce mini na koyi iyayi a lakol.

Inna tana zaune bakin murhu duk tana ji. Washegari ta ce in raka ta unguwa. Ashe gidan da gwaggon Maimuna ke kwance za mu. Mun iske tsohuwar a wani lungu bayan ɗakin girki, an kare ta da zana, ba mai juya ta. Inna ta zauna ta gyara mata zane, ta ba ta ruwa, suka yi 'yar hira. Muna shiga gida ta kwance mabuɗin ɗakin Nazira daga bakin zanenta, ta ajiye a gaban Yaya, ta ce, "Hamisu, ni ma mace ce ba miji. In dokar ke nan, ka fara da ni."

Yaya ya kalli mabuɗin. Bai ce ya yarda ba, har yau bai faɗa ba. Ya dai ɗauka ya buɗe ɗakin, ya ce ƙyauren ya kumbura, sai an kira kafinta.

Maimuna ta iso ranar Laraba da yaranta da ƙullin kaya biyu. Ta durƙusa ta gaida kowa, ta ƙi zama kan tabarma sai da Inna ta jawo ta. Matar Yaya tana ɗari-ɗari da ita tukuna, kuma wata maƙwabciya ta riga ta zo aron rariya da ba ta bukata. Za a yi magana, na sani. Jiya da yamma ni da Yaya muka ɗauko tsohuwar a amalanke, shi ya riƙe kanta har gida. Inna ta ce jinya daga nesa wahala ce, a haɗa su ɗaki ɗaya.

Yau da safe na fito zan kama hanyar Gangara, na iske Maimuna tsaye da ƙwaryar gero, tana jin nauyin tambayar inda za ta yi daka. Inna ta nuna mata turminta, wanda ko matar Yaya ba ta taɓawa, ta ɗauko taɓarya ta biyu ta tsaya gefenta. Ina rubuta miki wannan a zaure, ina jin su suna dakan tare.

Ɗanki,
Hambali